Sa'ad da Mota Ta Fara Gunaguni

Wanda ya saba bin hanyar Kongo, daga ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello ya gangara cikin Tudun Wada har Ƙofar Doka, ya san abin da damina takan bar wa direbobi. Ga ramuka, ga gargada, ga kuma tuddan da ake yi a kan titi domin a rage gudu. Mota ta hau, ta sauka, sai a ji wani abu daga ƙasa ya ce ƙwas. Maigida ya dubi uwargida, uwargida ta dube shi, sa'an nan ya ƙara muryar rediyo.

Da can Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, takan haɗiye irin wannan hanya ba ƙorafi, gama ƙafafunta dogaye ne. Yawancin motocin da ke hannunmu yau gajeru ne, sun kuwa sha shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso mu. Robobinsu sun riga sun gaji, zafin Zariya da ƙurar hunturu kuma su ƙarasa su. Saboda haka ya kamata mai mota ya iya rarrabe ƙara, domin wata ta 'yan kuɗi kaɗan ce, wata kuwa ta rai ce.

Kafin ka zargi kowane ƙarfe, buɗe but. Sau da yawa jak ne, ko safaya da ba a ɗaure ba, ko tukunyar uwargida. Duba notocin taya, ka girgiza salansa bayan ta huce, ko robar da ke riƙe da ita ta tsinke. In duk waɗannan lafiya, sai ka kashe rediyo, ka sauke gilashi, ka bi gargada a hankali. Ka ɗauki wani ya zauna a baya, ya faɗa maka ko gaba ne ko baya, dama ko hagu. Yara sun fi mu kunne a wannan aiki.

Ƙaramar ƙwanƙwasa mai yawa, ƙwas-ƙwas-ƙwas, a kan ƙananan ramuka, galibi daga 'yan sandunan nan ne da ke haɗa ƙafa da ƙarfen da ke hana mota tangaɗi a kwana, ko kuwa robobin ƙarfen. Gyaransu ba tsada. Kuka kamar na tsohuwar ƙofa kuma alama ce roba ta bushe ko ta tsage. Kada ka yarda a shafa mata baƙin mai. Za ta yi shiru kwana biyu, amma mai yana cin roba.

In ƙarar mai nauyi ce, dum, sa'ad da taya ta faɗa rami, mota kuma ta dinga rawa bayan an wuce, sai a dubi shokabzoba. Danna kusurwar motar da ƙarfi, ka saki. Mai lafiya takan taso ta tsaya. In ta yi ta lilo, ya mutu. Leƙa kuma ka ga ko mai ya jiƙe jikinsa. A sake su biyu-biyu, dama da hagu, ko da ɗaya ne ya lalace. Mataccen shokabzoba ba jijjiga kaɗai yake jawowa ba: taya ba ta manne wa ƙasa sosai, birki kuma yakan ja nisa kafin mota ta tsaya.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta boljoyin, watau gaɓar da ke riƙe ƙafar gaba, mai kama da gaɓar kwatangwalon mutum. Takan yi ƙwanƙwasa a kan tudu, ta kuma yi sa'ad da ka juya sitiyari. Robar da ke rufe ta ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga yana niƙa ta. A ɗaga motar, ka kama taya sama da ƙasa ka jijjiga. In ta yi lako-lako, boljoyin ne ko boris. Shi boris yakan yi gurnani da ke ƙaruwa da gudu, ba sai a rami ba. Ka sake kamawa dama da hagu, in akwai motsi, tayarod ne. Duk wanda ya taɓa ganin mota a gefen hanya ta durƙusa, tayarta ta karkace waje kamar karyayyar ƙafar akuya, ya ga ƙarshen boljoyin da aka ƙyale. A cikin Tudun Wada, da tafiyar hawainiya, abin kunya ne da asarar yini. A hanyar Kaduna, da iyali cike da mota za su taron ekklisiya, ko da dare ana kai mai naƙuda Wusasa ko Shika, wani zance ne dabam. Mukan sunkuyar da kai mu yi addu'a kafin tafiya, haka kuwa ya dace. Ubangijin da muke roƙo shi ne ya ba mu kunnuwan da suka ji ƙarar tun makon jiya.

Faɗaka ɗaya: kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. A tokare ta da abu mai ƙarfi, a sa duwatsu a tayoyin da ke ƙasa.

In ka je gareji, kada ka ce wa bakanike "tana ƙara" kawai, gama zai fara canje-canje da kuɗinka har ya dace. Gaya masa wace ƙafa, wace irin ƙara, a rami ko a kwana. Ka ce ya nuna maka motsin da hannunsa kafin ya kwance kome, ya kuma ba ka tsohon ƙarfen ka gani. In an taɓa tayarod, a kai motar a daidaita ƙafafunta a ranar, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye ta gefe guda.