Kafa Saƙa: Me Ya Sa Wani Bakin Hula Ke Miƙewa, Wani Ya Ƙi?

Masu iya magana kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka abin yake ga saƙar hannu, domin layin farko na madaukai da aka kafa a kan kibiyar saƙa shi ne zai zama bakin hula ko na safa. Kewayen kan jariri sabon haihuwa kimanin santimita 35 ne. In bakin hular ya ƙi miƙewa, ko dai ta ƙi shiga, ko ta matse shi, alhali jariri na asarar ɗumin jiki da yawa ta kansa, musamman da hunturu.

Akasari da ƙullin zarge ake farawa, sannan a bi ɗaya daga hanyoyi uku da suka shahara. Ta farko, a naɗa zare a babban yatsa, a zura madaukin a kibiya. Tana da sauƙi, amma bakin kan yi sako-sako. Ta biyu ita ce mai dogon jela: a bar jelar zare da ta kai wajen ninki 3 na faɗin abin da za a saƙa, a riƙa sarƙa ta da zaren ƙwallo. Bakinta na miƙewa ya koma daidai, shi ya sa ta dace da hula. Ta uku, a soka kibiya ta biyu tsakanin madaukai biyu na ƙarshe, a jawo sabo. Bakinta ƙaƙƙarfa ne, ba ya miƙewa sosai.

Dalilin bambancin shi ne, saƙa na miƙewa ne saboda kowane madauki lanƙwasasshen zare ne da ke iya buɗewa. In zaren da ke tsakanin madaukai ya gajarta, ba abin da zai buɗe. Irin zaren ma na da tasiri. Ulu gashin tumaki ne, an gina shi da furotin mai suna keratin, wanda a murɗe yake, yana miƙewa ya dawo. Auduga kuwa selulos ce, miƙewarta kaɗan ce, don haka mai aiki da ita ya sassauta hannu, ya bar 'yar tazara tsakanin madaukai.

Malamai na iya gwada wannan a aji. Ɗalibai su kafa madaukai 20 da kowace hanya, su saƙa layi 10, su auna bakin da rula, su ja shi, su sake aunawa, sannan su kwatanta sakamakon.