Amfani da Maganin Ciyawa Mai Zaɓe a Makiyaya da Filayen Ciyawar Ado

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta yi bayani a kan wani rukuni na magungunan kashe haki waɗanda masana aikin gona ke kira masu zaɓe, watau waɗanda in an fesa su a fili sai su kashe wasu tsire-tsire su ƙyale wasu. A nan an yi amfani da kalmar ciyawa ga wadda ake so ta rayu, kalmar haki kuwa ga duk tsiron da ya fito inda ba a bukatarsa. Manomin dawa ko gero yana da saura tsakanin kunya da kunya inda fartanya za ta ratsa. Amma makiyaya, ko filin ƙwallo, ko ciyawar adon da ke gaban ofis, ba haka suke ba, domin ciyawa da haki a cakuɗe suke. Saboda haka za a duba asalin waɗannan magunguna, da yadda suke aiki a jikin tsiro, da inda suka dace, sa'an nan da ɓarnar da sukan jawo in an yi sakaci.

2.0 Asali

Tun a 1896 aka lura a Faransa cewa ruwan gishirin tagulla yana ƙone wani haki mai faɗin ganye a gonar hatsi ba tare da ya halaka hatsin ba. Amma ainihin ci gaban ya zo ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da masu bincike a Ingila da Amurka, kowa a gefensa, suka gano cewa akwai sinadaran da ke kwaikwayon abin da ke sa tsiro girma, kuma in an ba tsiron da yawa sai su kashe shi. A Amurka R. Pokorny ya bayyana yadda ake haɗa 2,4-D a 1941. A Ingila kuwa W. G. Templeman da abokan aikinsa na kamfanin ICI suka fito da ɗan'uwansa MCPA. An fara sayar da 2,4-D a 1945, kuma har yanzu yana cikin waɗanda aka fi amfani da su a duniya. Daga baya wasu suka biyo, kamar picloram a 1963, da dicamba, da triclopyr, da aminopyralid a 2005.

Wajibi ne a bambanta waɗannan da magunguna na gama-gari irin su paraquat, wanda ya shigo kasuwa a 1962, da glyphosate na 1974. Su waɗannan kan mai uwa da wabi suke yi: duk ɗanyen ganyen da suka taɓa sun taɓa shi ke nan. A kasuwanninmu duka sunansu maganin ciyawa, kuma wannan sunan guda shi ne mafarin kuskuren mutane da yawa.

3.0 Yadda Magani ke Zaɓe

Tsire-tsire masu fure sun kasu gida biyu. Akwai masu tsirowa da ganye ɗaya, dangin gero da dawa da gamba da kiri-kiri, sa'an nan akwai masu tsirowa da ganye biyu, dangin wake da auduga da tafasa. 2,4-D da 'yan'uwansa kashi na biyun suke kashewa, kuma dalilan haka uku ne.

Na farko shi ne siffa. Ganyen ciyawa siriri ne, a tsaye yake, don haka ɗigon magani kan gangare ya faɗi ƙasa. Ganyen tafasa kuwa a shimfiɗe yake, yana tare duk abin da ya sauko. Bugu da ƙari, idon da ciyawa ke tohowa daga gare shi yana can gindi, a lulluɓe cikin kube, alhali na haki mai faɗin ganye yana kan tsinin reshe a fili.

Na biyu shi ne ginin cikin jiki. A ƙarƙashin ɓawon tsiro mai ganye biyu akwai wani zobe na ƙwayoyin halitta da ke ta rarrabuwa don kara ya yi kauri. Da magani ya kai wurin sai ya sa su hayayyafa ba tsari, har su toshe jijiyoyin da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa. Shi ya sa bayan kwana biyu ko uku ake ganin kara ya murɗe, ganye ya nannaɗe, amma mutuwa sai an sami mako biyu zuwa huɗu. Ciyawa ba ta da wannan zobe.

Na uku shi ne narkarwa. Jikin ciyawa yana iya sauya sinadarin ya mai da shi marar dafi kafin ya yi ɓarna. Wani misali mai ban sha'awa shi ne aikin R. L. Wain na Kwalejin Wye ta Ingila a shekarun 1950. Ya nuna cewa MCPB shi kansa ba ya kisa, sai haki ya sha shi ya mai da shi MCPA a cikin jikinsa, watau ya haɗa wa kansa dafi. Wasu dangin wake ba sa yin wannan sauyi sosai, don haka suke tsira.

Abin lura a nan shi ne, zaɓen nan ba dawwamamme ba ne. Ya dogara ga yawan maganin, da shekarun tsiro, da yanayi. In aka ninka awo, ko aka fesa wa ciyawar da ba ta yi ƙwari ba, to mai zaɓe ma ya zama na gama-gari.

4.0 A Makiyaya

Hakin da ya fi addabar makiyaya a ƙasar Hausa sananne ne: tafasa, da rai-ɗore, da kashin yawo, da tumfafiya, da duman rafi wanda kan sa dabba rawar jiki in ta ci da yawa. A Jamhuriyar Nijar garmani, wanda masana ke kira Sida cordifolia, ya mamaye burtali da hurumi da yawa a jihohin Maraɗi da Dosso, inda ya kori kyasuwa da sauran ciyawar da dabbobi ke so. Duk waɗannan masu faɗin ganye ne, saboda haka a bisa ƙa'ida maganin dangin 2,4-D ya dace da su, muddin an same su suna ƙanana a farkon damina, kafin su yi fure. Masu itace-itace kamar tumfafiya kan sake tohowa daga saiwa, shi ya sa akan sare su a shafa triclopyr ko picloram a kan kututturen tun yana ɗanye.

Amma akwai matsaloli huɗu da ya kamata mahalarta wannan taro su sa wa ido.

Ta farko ita ce dangin wake. Makiyaya mai kyau ba ciyawa zalla ba ce. Binciken da aka daɗe ana yi a Shika, kusa da Zariya, da rumbunan ciyawa da cibiyar ILCA ta gwada da makiyaya Fulani a yankin Kachiya a shekarun 1980, duka sun dogara ga shuka stailo, wani ɗan dangin wake mai gina jikin dabba da rani, mai kuma ƙara wa ƙasa taki. To, magani bai san bambancin tafasa da ɗan wake mai amfani ba, duka ganye biyu ne a wurinsa. Wasu irin stailo kan jure 2,4-D in sun yi ƙwari, amma picloram ba ya barinsu, kuma yakan daɗe a ƙasa har ya hana su sake tsirowa a damina mai zuwa. Mai feshi zai iya kawar da haki, ya kuma kawar da abin da ya fi daraja a filin.

Ta biyu ita ce lafiyar dabbobi. Tsiro mai dafi wanda shanu ke ƙyama yana ɗanye, in magani ya sa ya yi yaushi sai su soma cinsa, alhali dafin yana nan. Don haka dole a kange dabbobi daga wurin har hakin ya bushe sarai, kuma a cika kwanakin da takardar jikin galan ta faɗa, musamman ga shanun tatsa.

Ta uku ita ce taki. Picloram da clopyralid da aminopyralid sukan ratsa cikin dabba su fito a kashi da fitsari ba su lalace ba. A 2008 masu lambu da yawa a Ingila suka ga dankali da tumatir da wakensu sun murɗe, da aka bincika sai aka tarar takin dabbobin da suka ci ciyawar da aka fesa wa aminopyralid ne sanadi, har aka dakatar da sayar da maganin na wani lokaci. A ƙasar da manomi ke gayyatar Bafulatani ya kafa ruga a gonarsa don taki, kuma ake kai takin gida gona a mangala, wannan ba ƙaramin hatsari ba ne ga wake da gyaɗa da kayan lambu.

Ta huɗu ita ce abincin mutane. Abin da malamin gona ke kira haki, a wurin uwargida kayan kwaɗo ne ko na miya. Ana tsinkar tafasa da zaki-banza a burtali da bakin gari. Fili na kowa da kowa ba a iya kulle shi, ba a kuma iya sanar da duk mai shigarsa. Saboda haka feshi ya fi dacewa da makiyaya mai shinge da mai ita, kamar gonakin kiwo da rumbunan ciyawa, ba hurumin gari ba.

5.0 A Filayen Ciyawar Ado

Filayen ƙwallo da na makarantu da harabar ma'aikatu yawanci kiri-kiri ake shuka musu, domin tana yaɗo, tana jure tattaki da fari. Hakin da ke shiga cikinta ya haɗa da tsidau mai ƙaya, da nonon kurciya, da fasa-ƙabba. Akan haɗa magani biyu ko uku a kwalba ɗaya, alal misali 2,4-D da mecoprop da dicamba, domin abin da ya tsere wa ɗaya kada ya tsere wa ɗan'uwansa. Ka'idojin kuwa su ne: kada a fesa wa sabuwar ciyawa sai ta kafu sosai, kada a yanke ta kwana uku kafin feshi ko bayansa don ganyen haki ya sami damar shan magani, kada kuma a yi ban ruwa a ranar. Yankan farko bayan feshi kada a ba awaki ko ragon layya, kada kuma a shimfiɗa shi a gindin furanni.

Akwai hakin da waɗannan magunguna ba sa taɓawa. Tofa da ƙarangiya da harƙiya dangin ciyawa ne, abin da ya kāre kiri-kiri shi ya kāre su. Aya-aya kuma tana da 'ya'ya a ƙasa, sai magani na musamman irin halosulfuron. Tofa sai dai a haƙe saiwarta, ko a shafa mata glyphosate ganye-ganye da soso.

Ya kyautu a sani cewa wasu ƙasashe sun yanke hukuncin cewa ado kaɗai bai isa dalilin feshi ba. Lardin Ontariyo na Kanada ya hana amfani da irin waɗannan magunguna a ciyawar gida a 2009. Faransa ta hana su a wuraren shaƙatawa na hukuma a 2017, da lambunan gidaje a 2019. Shugaban makarantar da yara ke birgima a filinta ya cancanci ya yi wa kansa wannan tambaya kafin ya aika a sayo galan.

6.0 Awo da Kiyayewa

Yawancin ɓarna daga awo take. Hanyar gwaji mai sauƙi ce. A auna fili mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, a cika famfon goyo da ruwa zalla, a fesa da irin tafiyar da za a yi a wurin aiki. In ruwa lita 2 ya tafi, to hekta ɗaya, wadda take murabba'in mita 10,000, za ta ci lita 200 ke nan. In takardar magani ta ce lita 2 a hekta, famfo mai cin lita 15 zai ɗauki mililita 150 na magani, ba ƙari.

2,4-D iri biyu ne, na amin da na esta. Na esta yakan tashi kamar tururi in rana ta yi zafi, iska ta kai shi gonar maƙwabci, kuma auduga da tumatir da kuɓewa ba sa jure ko ƙanƙaninsa. A yanayinmu na amin ya fi dacewa, da sanyin safiya, ba iska, ba hadari. A keɓe famfo guda don maganin haki kaɗai. Mai feshi ya sa safar hannu da takalmin roba da doguwar riga, kada a wanke famfo a rafi ko tabki, kada kuma galan ya koma na zuba mai ko nono. A Nijeriya a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikin kwalba. Tarihi ya nuna dalilin wannan taka-tsantsan: 2,4,5-T, wanda aka haɗa da 2,4-D aka fesa wa dazuzzukan Biyetnam a shekarun 1960, yana ɗauke da dafin dayoksin, kuma Amurka ta hana shi gaba ɗaya a 1985. Shi kansa 2,4-D, a 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar. Daɗin daɗawa, maimaita magani ɗaya kowace shekara yana haifar da haki mai taurin kai, abin da aka fara gani tun 1957 a Kanada da Hawai.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa maganin ciyawa mai zaɓe yana da gurbinsa, amma gurbin ƙunci gare shi. Haki alama ce ta wata cuta. Garmani da tafasa suna samun wuri ne inda dabbobi suka yi yawa suka cinye ciyawa tun ba ta zubar da iri ba, tsidau kuma yana shiga fili ne inda aka aske kiri-kiri har ƙasa, aka hana ta ruwa da taki. In aka kashe haki aka bar ƙasa tsirara, irin da ke kwance cikinta zai sake cika wurin da ruwan farko. Don haka feshi ya zo tare da sake shuka gamba ko kyasuwa, da hutar da fili, da daidaita yawan dabbobi, da tuge haki kafin ya yi 'ya'ya. Ana kuma ba da shawara ga kwalejojin horon malamai su sa gwajin famfo da karanta takardar magani cikin aikin gona na aikace, su kuma haɗa kai da masana harshe a daidaita sunayen waɗannan abubuwa da Hausa, domin malamin da muka yaye shi ne wanda mutanen ƙauye za su kawo wa galan su ce ya karanta musu.