Auna Gishirin Teku na Masana'anta Kafin Kiwon Murjani

Masu kiwon murjani a tankin gilashi, waɗanda da yawa daga cikinsu ke zaune nesa da teku, suna dogara ne ga garin gishirin da masana'antu ke haɗawa, wanda ake narkarwa a tataccen ruwa domin ya kwaikwayi ruwan teku. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne binciken William Dittmar na shekarar 1884, wanda ya auna samfura 77 da jirgin Challenger na Birtaniya ya ɗebo, ya tabbatar cewa manyan sinadaran ruwan teku suna tafiya bisa kaso kusan ɗaya a ko'ina.

Kowane kilo na ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, kuma a kowace lita akwai kalsiyam kusan miligiram 420 da magniziyam kusan 1,300. Murjani, wanda dabba ce ko da yake kamanninsa na tsiro ne, yana gina ƙashinsa da kalsiyam da kabonet, shi kuwa magniziyam yana hana waɗannan biyu daskarewa su kwanta a ƙasan tanki tun kafin dabbar ta amfana.

Ana auna kalsiyam da magniziyam ta hanyar ɗiga wani sinadari ɗigo-ɗigo cikin samfurin ruwa har launinsa ya sauya, amma ƙarafa irin su jan ƙarfe, wanda ɗan kaɗan ɗinsa ke kashe murjani, gano su daidai sai a ɗakin gwaje-gwaje. Tun da garin gishirin kan rarrabu cikin bokiti yayin jigila, rubutun jikin bokitin bai wadatar ba. Wajibi ne a auna kowane sabon haɗi kafin a zuba shi.