Lauyan Da Ya Zama Hakimin Malumfashi

A ƙasar Amurka, in lauya ya bar ɗakin shari'a ya shiga majalisar dokoki, ba wanda zai waiwaya, don lauyoyi sun daɗe da cika majalisunsu. A Jihar Arewa kuwa, sa'ad da Mulkin Kai ya gabato, lauyoyinmu ba su kai yatsun hannu biyu ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Mamman Nasir, wanda mutanen Malumfashi da maƙwabtansu na Kafur da Gozaki suka fi sani da Galadima.

An haife shi cikin 1929. Ya gama Kwalejin Kaduna cikin 1947, sa'an nan aka tura shi Ibadan koyon Latin, don a zamanin nan ba a karɓar mutum karatun lauya a Ingila sai da shi. Daga can ya wuce London, ya zama lauya a Lincoln's Inn, inda ɗan'uwansa Bakatsine, Muhammadu Bello, shi ma ya yi karatu. Cikin 1956 ya kama aikin lauyan Gwamnati.

To, a nan ne muke so malaman makaranta su dakata. Cikin 1958 Gwamnatin Sardauna ta gayyato masana shari'a, shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, su duba yadda za a daidaita shari'ar laifuffuka. Shawararsu ce ta haifi dokar nan Fenal Kod, wadda aka ɗauko tsarinta daga ta Sudan, ta fara aiki cikin 1960. Watau alƙalin da ya tsufa yana hukunci da littattafan Malikiyya, yanzu an ce ya buɗe littafi mai lambobin sassa. Aka riƙa kwasar alƙalai da muhutai zuwa Kongo, Zariya, ana koya musu. Waɗansu malamai suka ce an rage wa Shari'a ƙarfi, waɗanda ba Musulmi ba kuma suna zuba ido su ga ko alkawarin da aka yi musu zai cika.

Ana cikin wannan hali, cikin 1961, Mamman Nasir ya shiga siyasa a jam'iyyar NPC, ya zauna a Majalisar Jihar Arewa a Kaduna, aka ba shi Ministan Shari'a, shekarunsa kamar 32. Abin mamaki, kotunan alƙalai da na sarakuna, inda mafi yawan talakawa ke kai ƙara, doka ba ta yarda lauya ya tsaya wa kowa a cikinsu ba. Ga lauya yana kula da ɗakunan da in da tufafin aikinsa ya zo, ba zai sami bakin magana ba! A ganinmu wannan ne aiki mafi wuya da ya taɓa riƙewa. Amma fa 'yan NEPU ba su daina kuka ba cewa da kotunan nan ake musguna musu, kuma ba za mu ce kukan nasu banza ba ne.

Juyin mulkin Janairu 1966 ya rufe Majalisa. Ya koma aikin shari'a, cikin 1975 ya hau Kotun Ƙoli, cikin 1978 ya zama Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya riƙe shekara 14.

Cikin 1992 Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman ya naɗa shi Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi. Mutumin da a dā manyan lauyoyin Ikko ke rusunawa a gabansa, sai ga shi a zaure yana sauraron rikicin iyakar gona da ɓarnar shanu, alhali tun bayan faɗuwar mulkin farar hula na farko an karɓe kotuna daga hannun En'e, ba abin da ya rage wa hakimi sai sulhu. Shekara 27 ya yi yana wannan, har ya rasu ran 13 ga Afrilu, 2019. Allah ya jiƙansa.