Kwamfutarka ta san ƙ, ɗ da ɓ

Makon jiya aka kawo mini katin ɗaurin aure, an buga a jikinsa: "Muna maraba da manyan baki." Na je shagon da aka buga katin na tambayi yaron da ke kan kwamfuta ina lanƙwasar ƙ ta shiga. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Malam, ai kwamfuta ba ta da harafin Hausa."

Na gaji da jin wannan magana. Ƙarya ce, kuma wanda ya rubuta kalmar ƙarya ba lanƙwasa ya kira macen kare. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 aka fara buga ta a Zariya da Hausar boko, sai yanzu a zamanin intanet za a ce harafinmu ya gagara? Kowane ɗayan haruffan nan yana da lambarsa a tsarin Unicode da duk duniya ke aiki da shi. Lalaci ne kawai, da kuma rashin mai nunawa.

Buɗe Microsoft Word, rubuta 0199, ka danne Alt ka taɓa X. Nan take ƙ za ta fito. Lambar ɗ 0257 ce, ta ɓ 0253. Manyansu kuwa 0198, 018A da 0181. Mutanen Nijar masu rubuta ƴ, tasu 01B4. Idan a tsakiyar kalma kake, kamar bayan "ba" a baƙi, zaɓi lambar kaɗai kafin ka danna, don kada Word ya haɗa b da a cikin lissafin ya fitar maka da shirme.

Ba sai ka haddace su ba. Shiga Insert, sannan Symbol, ka nemo harafin, ka danna Shortcut Key ka ba shi maɓalli, misali Alt da K. Aikin minti biyar ne, sau ɗaya tak. Ɗalibin da ya riga ya cika kundinsa da k' da d' ya danna Ctrl da H ya sauya su gaba ɗaya, amma ya bi a hankali, kar ya mayar da kifi ƙifi.

Don Allah kuma a rabu da tsofaffin font na musamman da ake yawo da su a filashi. Da zarar takardar ta je wata kwamfutar da ba su, sai lanƙwasassun haruffan su rikiɗe su koma wasu alamomi, mai ɗab'i ya buga maka kwafi ɗari biyar a haka.