Abokan Gāba Uku Na Mota Mai Tafiya

Duk wanda ya yi karatu a Azahar ya san unguwar Darrasa, a gabashin birnin Alƙahira, inda titin Salah Salim ya ratsa kusa da gindin duwatsun Muƙaɗɗam. Dare da rana motoci ba su yankewa a wannan titi. To, in direba ya ɗauke ƙafarsa daga totur, sai motar ta yi ta rage gudu har ta tsaya, ko da bai taka birki ba. Shin mene ne ya tsai da ita?

Wani masani na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana a shekarar 1687 cewa abu mai tafiya ba ya tsayawa don kansa, sai in wani abu ya tare shi. Abubuwan da ke tare mota a hanya manyansu uku ne.

Na farko shi ne taya. Duk sa'ad da taya ta juya, gefen da ya taɓa ƙasa sai ya lotsa, sa'an nan ya koma yadda ya ke. Wannan lotsawa tana cin ƙarfi, shi ya sa taya ke zafi. A bisa kwalta, abin da ke ja da mota baya ta wannan hanya misalin kashi 1 ne cikin 100 na nauyinta. In taya ba ta da isasshiyar iska ya kan ƙaru, a cikin rairayi kuwa ya kan riɓanya sau da yawa.

Na biyu shi ne hawa, gama ƙasa tana jawo kowane abu zuwa gare ta. Mota mai nauyin kilo 1,000, in ta kama hawa irin na Muƙaɗɗam a wurin da hanya ta tashi mita 1 cikin kowace mita 10, to, kamar an ɗaura mata igiya ne ana janta baya da nauyin kilo 100. Dalili ke nan da direba ke komawa ƙaramar giya.

Na uku shi ne iska, wadda mota ke ketawa kamar yadda kwalekwale ke keta ruwan Nilu. Cikin cunkoson kasuwa ba a jin ta. Amma wanda ya tashi daga gudun kilomita 50 a awa zuwa 100, turin iska ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu ne, man fetur kuwa shi ke biyan kuɗin.

Haɗarin kuma a nan ya ke. Gudu in ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata kafin ya tsai da mota shi ma ninki huɗu ya ke zama. Saboda haka direba mai hankali, ko a Darrasa ko a hanyar Kano zuwa Zariya, ya kan duba iskar tayarsa, ya rage kayan banza, ya sassauta gudu. Ya tsimi mansa, ya kuma tsare ran mai ƙetare titi. Hausawa dai sun ce, sannu ba ta hana zuwa.