Ƙwayar Halittar Da Sanyi Da Gishiri Ba Su Kashewa

Mu a Batsari da Safana mun saba da hanyoyi biyu na hana abinci lalacewa: gishiri, da sanyin randa ko firiji. Gishiri yakan tsotse ruwan jikin ƙwayoyin cuta, kamar yadda yake fitar da ruwan yankakken tumatir. Sanyi kuma yakan rage musu kuzari. Amma akwai waɗanda ba su jin ko ɗaya.

Ga misali. A shekarar 2006 masana suka bayyana wata ƙwayar bakteriya mai suna Psychromonas ingrahamii, wadda aka samo cikin ƙanƙarar teku a arewacin Alaska, ƙasar Amurka. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri wajen giram 35 a kowace lita. In ya daskare, gishirin yakan taru cikin 'yan ƙananan ramuka na ruwa a tsakiyar ƙanƙara. A nan take zaune. Tana hayayyafa ko a digiri 12 ƙasa da sifiri, inda takan yi kwana 10 kafin ta rabu biyu.

Mene ne asirinta? Mun san man shanu yakan daskare da hunturu, amma man gyaɗa yakan jure. To, maiƙon fatar jikinta irin mai jurewa ne. Tana kuma fitar da yauƙi kamar na kuɓewa, wanda ke kare ta daga tsinin ƙanƙara. Sannan takan tara wasu sinadarai a cikinta don kada gishirin waje ya shanye ruwanta.

Ita dai ba ta sa cuta. To, me ya shafe mu? Akwai wata mai irin wannan hali, Listeria, wadda ke yaɗuwa cikin ɗanyar madara da nama mai gishiri, har a cikin firiji. Ta fi yi wa masu ciki da jarirai lahani. A Afirka ta Kudu, tsakanin 2017 da 2018, ta kama mutum fiye da 1,000, ta kashe fiye da 200.

Saboda haka, 'yan'uwa, madarar da ke zuwa mana daga rugagen Fulani, mu tafasa ta tukuna. Sauran naman jiya kuma, mu ɗumama shi ya yi zafi sosai. Sanyi da gishiri jinkiri suke sa wa ƙwayoyin cuta. Wuta ce ke kashe su. Rigakafi ya fi magani.